Daƙiƙa Arba'in

Ni na ɗauki hoton.
In za a yi rabon laifi, a fara ɗibar mini.

Asubar Talata, can arewa da tsibirin Masbate,
wani ɗan lungun teku ya yi ja kamar jiƙon zoɓo,
matattun kifaye sun yi rigingine, ciki fari fat.
Na durƙusa har wandona ya jiƙe
don su cika idon kyamara, a ga kamar ba su da iyaka.
Ba su fi kwando uku ba.

Tibursio, jami'in kula da ruwa, mai sanƙo, mai in'ina,
ya ce, "N-nan kaɗai ne. A guji ƙumba.
Sauran teku lafiya lau."
Ya daɗe kafin ya haifo maganar,
in'ina ba ta san tsadar lokaci ba.

A Manila aka sa almakashi.
"Dionisio," in ji edita, "daƙiƙa arba'in gare mu, ba huɗuba za mu yi ba."
Aka yanke mai sanƙo, aka bar kifin,
aka shimfiɗa kiɗa mai kama da faɗuwar gaba,
aka rubuta da ja: GUBA A TEKU.
Da dare na ga sunana a ƙasan allo,
na kira abokai huɗu, na ce su kunna.

Uwata Luningning tana kudu,
tafiyar awa uku daga jan ruwan.
Shekara talatin da ɗaya tana kan teburi guda,
wuƙarta ta siraɗe don wasawa,
ƙamborin kifi ya zame mata zobe.
Ranar Laraba ta jera kaya kamar kullum.
Masu saye suka zo, suka wuce ta gefe,
hanci a toshe, ido a kan waya.
Matar da ta yi wa bashi shekara goma
ta ja hannun ɗanta, ta ce, "Kar ka taɓa."

Ƙanƙara ta narke. Ƙuda ya yi biki.
Farashin kaza ya hau bishiya ya ƙi saukowa.
Efren ya kife kwalekwalensa a kan yashi,
ya zauna a inuwarsa yana sauraron rediyo
tana ba shi labarin tekun da ke lasar ƙafarsa.
Ya fi yarda da ita.

Rana ta huɗu uwata ta hura gawayi a tsakiyar kasuwa,
ta gasa guda, ta ci a idon kowa,
har kai, har ido, ta tsotse ƙaya,
ta zauna tana jiran mutuwa ko ciniki.
Ba wanda ya zo cikinsu.
Wani yaro ya ɗauke ta a waya,
kafin magariba ta zama abin dariyar ƙasa:
tsohuwar da ta ci guba.

Gyara ya fito, ai ba a ce bai fito ba,
bayan kwana tara,
siririn layi yana gudu a gindin allo
lokacin tallan sabulu.
Magana zarar bunu ce, na sani tun ina yaro,
ban dai san ana zarar ta daga jinkar uwa ba.

An ƙara mini albashi.
Na kai mata a ambulan, na ajiye gefen sikeli.
Ba ta buɗe ba. Ta ci gaba da kankare kifi,
ta ce, ba tare da ta ɗago ba,
"Mutumin nan mai sanƙo da aka hango a bayanka,
bakinsa na motsi.
Me yake cewa?"